Baikona a Akwatin Baiko

Sannunku da haƙuri, masu bin labarin nan nawa. Na ga saƙonninku duka. Wani ya ce in bar 'yar mutane in nemi wata, mata ba su ƙare ba. Wata baiwar Allah kuma ta ce ta yi ta kuka har girkinta ya ƙone. Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ki sauke tukunyar kafin ki karanta na yau, don yau ma ba dariya na kawo muku ba.

Ga wanda yanzu ya shigo, ni kafinta ne. A shagon maigidana na tashi, a nan na koyi riƙe zarto tun kaina bai kai tebur ba. Yarinyar da nake so tela ce, autar gidansu, kowa Auta yake ce mata. Tunda muke ba ta taɓa kama sunana ba. "Kafintana" take cewa, a baki da a waya. Wani lokaci har ta ja ƙarshen, "Kafintanaaa", in tana son in zo in gyara mata teburin keken ɗinki da babu abin da ya same shi.

Ku da ba Kiristoci ba, bari in faɗa muku wani abu, don labarin yau a kansa yake. A bakinmu kalmar baiko biyu ce. Akwai baikon saurayi da budurwa, wanda kowa ya sani. Akwai kuma baikon coci, abin da mutum ke bayarwa ranar Lahadi don aikin Allah. Ran da aka yi namu, a falon gidansu, Baban Auta ya kama hannunta ya sa a nawa. Tsohon direban babbar mota ne, mutum mai barkwanci. Ya ce, "To jama'a ku shaida, yau na ba da baikon da ya fi na kowa a cocinmu. Mai zagayawa da kwando kada ya sake kallona sai baɗi."

Aka yi ta dariya. Zoben azurfa na sa mata, marar ado. Ya ɗan yi mata yawa, sai ta naɗa masa jan zare a gefe guda don ya kama yatsa. Na ce ta kawo in kai a rage. Ta ɓoye hannu a baya ta ce, "Zoben da ya shiga ba ya fita, Malam."

Ba a daɗe ba ciwon ƙoda ya kwantar da Baba. Mutumin da in ya tsaya yake cika ƙofa, ya koma ana ɗaga shi da hannu ɗaya. Likita ya kira mu gefe ya faɗi gaskiya, ya ce sai dai a rage masa zafi. Auta ce mai jinya. Ta wanke shi, ta ba shi magani, ta ruga shago, ta dawo. Har ta rame.

A cikin wannan hali wata mata ta kawo mata ɗinkin farar riga, ta ga idonta ya kumbura, ta ba ta labarin wata sabuwar majami'a a saman wani tsohon ɗakin ajiyar kaya, bayan tashar mota. Ta ce akwai wani fasto a can da ake ce wa Makiyayi, in ya ɗora hannu ciwo gudu yake. Tare muka je. Ni na raka ta da ƙafata, na hau matakalar ƙarfen nan a gaba, tana bayana.

Ba zan yi muku ƙarya ba, wurin ya yi mini daɗi. Tun daga ƙofa aka rungume mu, aka ba mu kujerar gaba, kafin a tashi kowa ya san sana'armu. Makiyayin dogo ne, cikin farar kwat, ba ya ihu irin na wasu. A hankali yake magana, sai ka miƙa wuya ka ji. Ya kama hannun Auta da hannayensa biyu ya ce, "'Yata, kin daɗe kina ɗaukar kaya ke kaɗai." Shi ke nan. Kukan da ta yi watanni tana haɗiyewa ya ɓalle. Ni ma sai da na juya kai na share ido.

Kowa a can "Babanmu" yake ce masa. Mu ma muka kama.

Da ya ji ni kafinta ne, ya ce Allah ne ya aiko ni. Na yi musu bencuna, na yi mumbari. Auta ta ɗinka labulen tagogi duka, farare masu zoben ƙarfe a sama. Wata rana ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kujera har da ruwan sanyi.

"Ɗana, akwatin baiko nake so. Ba kwando ba. Akwati a gaban bagade, inda nake tsayawa in yi wa'azi, kowa ya taso da ƙafarsa. Tsayinsa ya kai ƙugu, bakinsa siriri. A ƙasansa ta ciki ka shimfiɗa fallen ƙarfe."

"Baba, ƙarfe kuma? Ai katakon mai ƙwari ne, ba zai ɓalle ba."

Ya yi murmushi. "Takarda ba ta ƙara in ta faɗi. Silalla suna yi. Ina son mai rowa ya ji kunyarsa da kunnensa."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne irin na manya. Na yi aikin da zuciya ɗaya, na goge shi har kana ganin fuskarka a jiki. Lahadin farko aka tsayar da kiɗa lokacin baiko, wai a yi shiru a gaban Allah. Wata tsohuwa mai sayar da kayan miya ta taso tana ɗingishi, ta kwance bakin zane, ta jefa abin da take da shi. Ƙwal, ƙwal. Duk kawuna suka juya. Ta koma wurinta ta ja ɗankwali ta rufe fuska. Ban sake ganinta ba.

Abubuwa ba rana ɗaya suka zo ba, shi ya sa ban gan su ba. Yau a ce mata su daina sa kaya masu launi, sai fari. Gobe a ce duk mai tafiya sai ya nemi izini. Kowace Laraba a jera wayoyi a kan tire, a shiga da su ofis, wai a wanke su da addu'a. Ranar Lahadi sai ka ji Babanmu ya ga wahayi, akwai wata a nan da ta zagi surukarta a ɓoye. Mu kuwa mu yi ta tafi, muna cewa mutumin nan yana gani har hanji. Masu karatu, ku yi dariyarku, na ba ku izini. Ni ma yanzu in na tuna sai in kama kai.

Muka kai masa maganar ranar aure. Ya rufe ido ya daɗe, ya ce bai ga haske ba tukuna. Muka koma, bai ga haske ba. Amma ya ga cewa muryar Auta ta bagade ce, kuma mawaƙan bagade ba sa kwana a gidan da ciwo yake. Akwai wani dogon ɗaki a ƙasan majami'ar inda 'yan matan waƙa ke zama. Ya ce in tana son Baba ya tashi, ta tsarkake kanta a can. Ta rufe shago, ta kai keken ɗinkinta ɗakin nan, ta koma ɗinka wa 'yan majami'a fararen riguna kyauta.

Ni aka kira in sa wa ɗakin sabuwar ƙofa. Na kafa ƙyaure, na ɗauko sakata zan ɗaura ta ciki, sai Makiyayi da ke tsaye da mataimakansa ya ce, "Ta waje."

Wallahi ba da wata manufa na yi magana ba. Bakina ne kawai ya riga ni. Na ce, "Baba, ɗakin mutane ai ta ciki ake sa masa sakata, mai ɗaki ya kulle kansa. Ta waje ai ta ɗakin kaya ce, ko ta dabbobi."

Ya dafa kafaɗata a hankali ya ce, "Ɗana, tambaya ita ce ƙofar da Shaiɗan ya fi so."

Wani ne ya ɗaura sakatar. Lahadin da ta biyo aka kira ni gaba, aka ce ruhun tawaye ya shige ni, duk wanda ya gaishe ni ya ɗauki rabonsa. Aka raka ni har ƙasan matakala. Mai gangan da muke cin abinci kwano ɗaya, in ya hango ni yanzu tsallaka titi yake.

Duk da haka ban yarda ba. Ran da maigidana ya ce wurin nan ƙungiyar asiri ce, har raina ya ɓaci. Dattijo ne a tsohon cocinmu, yana goge wani katako, bai ko ɗago ba.

Na ce, "Haba Maigida. Ina jan ƙyalle? Ina ƙwaryar jini? Da rana tsaka suke sujada. Maganar Allah ɗaya muke riƙewa da su."

"Au, kai sai ka ga jan ƙyalle?" Ya hure garin katako daga hannunsa. "Yaro, ni na yi faɗa da fastoci har na gaji. Akwai shekarar da na yi fushi na bar cocinmu na koma wani. Ka san wanda ya fara zuwa duba ni da na faɗo daga saman rufi? Faston da na bari. Ya zo ya zauna muka ci gaba da gardamarmu, ƙafata a ɗaure. Gidan Allah haka yake, ana shiga ana fita, kana tambaya a amsa maka, ko a ce maka ba a sani ba. Shi wannan naku, wa ke sama da shi? Wa zai ce masa tsaya ya tsaya?"

"Ya ce Allah kaɗai yake ba shi umarni."

"To. Ka taɓa jin ya ce na yi kuskure?"

Bai jira amsata ba.

"Wanda ya fita fa, me ake kiransa?"

"Gawa."

"Uwar mutum in ta hana shi zuwa?"

"Ƙofar duhu."

Ya ajiye katakon, sai yanzu ya kalle ni. "In kuna addu'a, sunan wa kuka fi kira?"

"Ya Allahn Babanmu" muke cewa. Da shi muke farawa, da shi muke rufewa.

"Asirin ba a jini yake ba, ɗana," in ji shi. "Kai da ke yin ƙofa ka fi ni sani. Ka riga ka faɗa musu da bakinka, shi ya sa suka kore ka. Ɗauko mini gam."

Sau ɗaya aka bar Auta ta zo gida, ita da wata 'yar'uwa mai tsaronta. Ina nan ranar, don ni na karɓi ɗaga Baba da kai shi bayan gida. Ta shigo cikin farar riga har ƙasa, mai dogon hannu, farin ɗankwali ya rufe har kunne, babu ɗan kunne babu kwalli. Auta da ke haɗa launi uku a riga ɗaya ta ce duniya ba makoki ba ce. Ba ta kalle ni ba. Amma na kalli hannunta, zoben yana nan da jan zarensa.

Baba ya yunƙura daga kan gado, fuskarsa ta washe. "Autata! Zo nan in ga ko sun ba ki abinci."

Ta durƙusa nesa da gadon. "Sannu da jiki. Babanmu ya ce a shafa maka wannan man."

"Wa?"

"Babanmu."

Ya dubi Mama, mahaifiyarta, ya dube ni. Ya yi 'yar dariya. "Ikon Allah. Ashe kin yi wani uban ban sani ba. To ni wane ne?"

Mai tsaron nan ce ta amsa. "Kai uban jiki ne. Shi uban ruhu."

"Uban jiki," in ji Baba, yana kallon hannayensa da suka bushe. "To ai jikin ma ya kusa ƙarewa."

Auta ta matsa kamar za ta taɓa ƙafarsa, mai tsaron ta taɓa agogo, suka tashi. Baba ya juya fuska bango. Ranar bai ci komai ba.

Tun daga nan na zama ƙusa tsakanin guduma da katako. In na je gidansu, Mama ta tare ni a bakin kicin, ludayi a hannu, ido jajir. "Kai ka raka ta, kai za ka dawo mini da ita. Ba a hannunka aka sa ta ba?" In na koma gidanmu, Innata tana ninke wanki, ba ta ko bari in cire takalmi. "Har yanzu kana jinyar uban wadda ba ta gaishe ka? Dubi wuyanka kamar mariƙin lema. Ka je ka ce ka fasa, mu san inda muka dosa." In ce, "Inna, ba ita ba ce." Ta ce, "To wace ce? Aljana ce ta sa rigarta?" Sai in ɗauki bokiti in shiga wanka don kada ta ga idona.

Saƙonni kuwa, ina turawa kullum. "Auta, Baba ya sha shayi yau." "Auta, kyanwarki ta haihu a cikin kwandon ƙyallayenki." Ana buɗewa, ba a amsawa. Sai ranar Juma'ar da ta wuce, ina cikin yanka katako, wayar ta yi ƙara. Lambarta ce.

"Ɗan'uwa, salama. Babanmu ya ba ka izinin zuwa sujada ranar Lahadi domin ka shaida abin da Ubangiji zai yi. Ka tsaya a bakin ƙofa."

Na karanta na sake karantawa. Ɗan'uwa. Auta ba ta sa aya a saƙo, jera magana take kamar keken ɗinki, kuma ba ta rufewa sai da ɗan hoton almakashi. Wannan rubutun da wayarta aka yi shi, amma ba da hannunta ba.

Ranar Lahadi da safe na biya ta gidansu. Baba ya yi laushi sosai, numfashinsa sama-sama. Mama ta sa masa rigarsa ta zuwa coci, shuɗiya mai aljihu biyu, don ya ce yana so. Na gaya masa inda za ni. Ya yafuto ni da yatsa, na kai kunne.

"Kafinta, da kayan aikinka?"

"Akwai sukudireba a aljihuna, Baba."

"Je ka cire sakatar ƙofar gidan nan."

Mama ta ce, "Malam, ɓarayi fa?"

"Me za su ɗauka, ni?" Ya yi tari, ya huta. "Cire ta gaba ɗaya. Ko yaushe ta zo, ta turo kawai. Kuma kada wanda ya ce mata ina kika shiga. Kun ji ni?"

Na je na kwance sakatar, na dawo na nuna masa. Ya gyaɗa kai. Ya riƙe hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Likita ya gaya muku, ni ma ya gaya mini. Tafiyata ba a hannun kowa take ba. Baikon nan kuma kai na ba, a gaban mutane. Ba a ba da baiko sau biyu."

Na sa sakatar a aljihu na tafi.

Majami'ar ta cika, fari fat ko'ina, kamar an shanya wanki. Aka tsayar da ni a bakin ƙofa, ƙato ɗaya a dama ɗaya a hagu. Na hango ta a layin mawaƙa, ta ƙara ramewa. Aka yi waƙa, aka yi rawa. Da lokacin baiko ya yi, Makiyayi ya ɗaga hannu, kiɗa ya mutu.

"'Ya'yana," ya ce a hankali, "Ubangiji ya tashe ni ya nuna mini wani abu. Akwai wata a nan da ta ba shi muryarta, ta ba shi sana'arta, amma akwai baiko ɗaya da take ɓoye masa a yatsa. Ku gaya mini, baiko na wane ne?"

"Na Allah!"

"Baiko na wane ne?"

"Na Allah ne!"

"To ga abin da aka ce in faɗa. In ta kawo baikonta akwatin baiko, ciwo zai fita daga gidansu. In ta hana, mutuwa za ta shiga ta ɗauki nata."

Jama'a, mutumin nan ya san abin da likita ya ce. Yana cikin wayarta, ni na rubuta mata da hannuna. Na so in yi ihu, amma ƙaton da ke damana ya riƙe mini gwiwar hannu.

Auta ta fito daga layi. Tafiyar daga wurin mawaƙa zuwa akwati ba ta da nisa, amma ni na ga kamar ba za ta ƙare ba. Ta tsaya. Ya ce ta ɗaga a gani. Ta ɗaga hannu sama, tsakanin yatsunta biyu wani abu yana ƙyalli, na hango jan zaren daga inda nake. Sai a lokacin ta juyo ta kalli ƙofa. Kallo ɗaya. Ta sa hannu a bakin akwatin da na yanka da zartona, na goge da hannuna.

Ƙwal.

Ƙarar ta zagaya ɗakin ta dawo. Ban taɓa sanin fallen ƙarfen nan yana da murya haka ba. Aka ɓarke da guɗa da tafi, ganguna suka tashi, mata suka rungume ta. Makiyayi ya kalle ni ta saman kawunansu, ya yi mini murmushin nan nasa mai laushi. Aka sake mini hannu. Ban san yadda na sauko matakalar ba.

Na daɗe ina yawo a titi, ban san me zan je in ce ba. Da la'asar na isa gidansu. Ƙofar tana buɗe, ba sakata, iska tana ɗan kaɗa ta. Takalma sun taru a bakin falo. Tun daga nan na gane.

Mama tana zaune a ƙasa kusa da gadon, maƙwabta sun kewaye ta. An ja masa zane har ka. Ta ɗago ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta dubi bayana ko akwai mai biyo ni. Da ta ga babu, sai ta sunkuyar da kai. Suka ce bai sha wuya ba. Suka ce duk motsin da ƙofa ta yi sai ya buɗe ido.

Na fito tsakar gida na zauna a kan bencin da na yi musu tun kafin baiko. Rana ta yi sanyi, kyanwar Auta tana lasar 'ya'yanta a gindin tulu. Na ciro sakatar ina juya ta a hannu. Ba na kuka, ba na tunani. Sai waya ta motsa a aljihuna. Baƙuwar lamba.

"Kafintanaaa"

Wani saƙon ya shigo, wani ya biyo shi, suna rige-rige.

"wayar mai dafa mana abinci ce na roƙe ta ta leƙo ta taga"

"zoben labule na jefa na naɗa masa jan zare naka yana cikin kalmasar rigata na ɗinke shi ba wanda ya gani"

"na kasa wallahi na kasa na gan ka a ƙofa"

"gobe da safe suke buɗe akwati"

Ga ɗan hoton almakashi a ƙarshe. Na kai wayar bakina, na sumbace ta kamar mahaukaci. Ita ce. Autata tana nan a cikin farar rigar, ba ta mutu ba. Amma kafin murnar ta isa ƙirjina wani saƙon ya shigo.

"tun ɗazu jikina rawa yake ka ji abin da ya ce zai faru in na hana"

"yaya jikin Baba"

"Babana nake nufi na gida"

Masu karatu, ku gaya mini, me mutum zai rubuta? In na ce ya rasu, na san abin da za ta ji. Ba za ta tuna likita ba, ba za ta tuna watannin da ya yi yana narkewa a hannunmu ba. Za ta ce ita ta kashe shi da zoben labule. Za ta farke kalmasar nan da haƙoranta, ta rarrafa ta kai wa mutumin nan, kuma daga ranar ko an cire sakatar ɗakinsu ba za ta fito ba. In kuma na ce yana samun sauƙi, na yi mata ƙarya a kan gawar ubanta, na zama ɗaya da wanda ya yi mata ƙarya a kan ransa.

Na rubuta na goge. Na rubuta na goge. A ƙarshe na rubuta abin da na san gaskiya ne.

"Baba ya sa na cire sakatar gida. Ya ce ko yaushe kika zo ki turo kawai. Ya ce kada kowa ya tambaye ki komai."

Saƙon ya tafi. An buɗe. Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa.

"da gaske shi ya ce"

"Da bakinsa."

"ba shi wayar in ji muryarsa ko sannu ce"

A daidai lokacin yayar Mama ta iso daga tafiya, ta turo ƙofar da ba sakata, ta faɗa falo. Kukan da matan suke dannewa tun ɗazu ya tashi gaba ɗaya, ya cika gidan har tsakar gida inda nake.

Sai wayar ta fara ruri a tafin hannuna. Auta ce take kira.